Hannun Ɗan Sanda da Hannunka: Darasin Rano

Mutumin Kahu ba ya buƙatar a ba shi labarin abin da ya faru a Rano ranar Litinin, 26 ga Mayun 2025. Masarauta ɗaya ce, kasuwanni ɗaya ake ci, kuma da wuya ka sami gida a Kahu ko Tarai ko cikin Kibiya da ba shi da ɗan'uwa ko suruki a Rano, garin Autan Bawo. Amma saboda mai karatu na nesa, ga yadda abin ya kasance.

Da daren Lahadi 'yan sanda suka kama wani matashi, makanikin babura, bisa ƙorafin yana tuƙin ganganci, kuma suka ce suna zargin a buge yake. Aka kai shi caji ofis. A bayanin da kakakin rundunar 'yan sandan Kano, Abdullahi Haruna Kiyawa, ya fitar, an ce jikinsa ne ya yi laushi a tsare, aka garzaya da shi babban asibitin Rano, inda ya cika da misalin ƙarfe shida na safe. Mutanen gari ba su karɓi wannan bayani ba. Abin da ya bazu a bakin jama'a shi ne duka ne ya kashe shi. Kafin ka ce kwabo matasa sun yi wa caji ofis ɗin tsinke, suka cinna wa wani sashe nasa wuta, suka ƙone motoci biyu, suka farfasa wasu goma, suka yi wa baturen 'yan sandan, wato DPO, CSP Baba Ali, dukan da bai tashi ba. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya rasu. Da farko an kama mutum 27, daga baya rundunar ta ce adadin ya kai 41.

Gawa biyu ke nan, Allah ya jiƙansu duka. Sai dai wanda ya bi labaran makonnin da suka biyo baya zai lura da wani abu. An kashe DPO, an kama waɗanda ake zargi da kashe DPO, ana neman sauran. Tambayar da ta fito da mutane kan titi tun farko, wato me ya kashe makanikin nan, sai ta koma can ƙasan labari. Waɗanda suka fito da sunan nema masa hakki, su ne da hannunsu suka tura maganarsa baya, suka kuma jefa wasu gidaje da dama cikin zaryar kotu da kurkuku. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Irin wannan sauyin magana kullum yana faruwa, sai dai ƙanana, ba mai sa su a rediyo. Na ga ɗaya da idona a wani shinge, ranar wata kasuwa. Wani saurayi ya ɗauko buhun masara biyu a bayan babur, ɗan sanda ya tsayar da shi, kafin ya gama dafa ƙafa a ƙasa an zare makulli.

"Yallaɓai, ba ni makullina, hatsin mutane na ɗauko."

"Takardu."

"Suna gida, Yallaɓai. Don Allah ba ni makullin."

Ɗan sandan ya juya zai tafi wajen wata mota. Yaron ya diro, ya cafko hannunsa ta baya, ɗayan hannun ya kama gaban rigar. Bai doke shi ba, ko niyyar duka ban ga alama ba. Amma da jami'in ya fizge, sai maɓalli ɗaya ya tsinke ya faɗi cikin ƙura. Ina iya tuna yadda wurin ya yi tsit. Ɗan sandan ya sunkuya ya ɗauki maɓallin, ya ɗaga shi sama yana nuna wa abokan aikinsa. Wani dattijo mai rawani da ke kan babur na baya ya sauko yana cewa, "Yallaɓai, a yi haƙuri, yaro ne, ƙuruciya ce." Aka ce masa, "Baba, ai magana ta wuce nan. Kakin gwamnati ya yaga." Aka sa wa yaron ankwa, buhunan masara suna nan a ɗaure a kan babur. Daga wannan lokaci ba wanda ya sake tambayar ko daidai ne a zare wa mutum makulli ya rasa bayani. Maɓallin nan ya cinye shari'ar.

Da yawanmu mun ɗauka sai an kai wa ɗan sanda naushi ko an fasa masa kai sannan za a ce an far masa. Doka ba haka ta ɗauki abin ba. Kundin Final Kod, wanda kotunan majistare na Arewa ke aiki da shi tun 1960, ya raba abin gida biyu. Akwai sa wa mutum ƙarfi ba da yardarsa ba, akwai kuma yunƙurin sa masa ƙarfin. Na farkon ya haɗa da mari da naushi, amma ya haɗa da ture shi, cin kwalarsa, fizge masa hula, tofa masa yawu, watsa masa ruwa, har da sakar masa kare. Ba sai jini ya fita ba. Na biyun kuwa, wanda sashe na 264 ya yi bayani, ko taɓa jiki babu a ciki. Duk motsin da zai sa wanda ke gabanka ya yi zaton yanzu za ka doke shi, kai ma ka san zai yi wannan zaton, ya isa. Ka dunƙule hannu ka ɗaga, ka sunkuya ka ɗauki dutse, ka zare wuƙa daga kube, ka murɗa babur ka nufo shi kamar za ka bi ta kansa, duk sun shiga. Magana zalla ba ta zama farmaki, sashen da kansa ya faɗi haka, amma magana tana iya fassara motsi. Wanda ya ɗaga gora yana cewa zai kora shanunsa daban yake da wanda ya ɗaga ta yana cewa "yau sai na fasa maka kai". Zagi mai tayar da fitina da barazanar baki kuma suna da nasu sassan, kada wani ya ce an ba shi lasisin ashar.

Idan wanda aka yi wa haka ma'aikacin gwamnati ne yana bakin aikinsa, sai hukuncin ya yi nauyi. Sashe na 267 ya kai shi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara uku, ko tara, ko duka biyun. Sannan ga Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumban shekarar. Sashe na 98 nata ya ce wanda ya far wa ɗan sanda, ko ya tare masa hanya, ko ya yi masa turjiya yana cikin aikinsa, zai biya tarar naira 500,000 ko ya yi wata shida a gidan yari, ko a haɗa masa. Kuma bai tsaya kan mai duka ba, ya haɗa da mai taimakawa da mai zuga. Wato wanda ke can baya yana ihun "ku buge shi" bai tsira don hannunsa na cikin aljihu ba. Uwar da ta riƙe rigar ɗan sanda a zaure don ɗanta ya samu ya tsallake katanga, duk da kowa ya san tausayin uwa ne, ita ma doka ta hau kanta. Har ma sashe na gaba ya ce wanda ɗan sanda ya nemi ɗaukinsa lokacin da ake far masa ya ƙi, ya yi laifi.

Sharaɗin da ya riƙe duk wannan shi ne jami'in yana bakin aikinsa. Ɗan sandan da kuka yi sa-in-sa da shi kan iyakar gona ko kuɗin cefane a kasuwa, mutum ne kamar kowa, in an yi faɗa, faɗan mutum biyu ne. Wanda ya zo kama ka don wani ya ce yana bin ka bashi, shi ma ya fita daga huruminsa, domin dokar 2020 ta hana kama mutum kan rikicin bashi ko saɓa alkawarin ciniki. To amma wa zai yanke cewa yana cikin hurumi ko ya fita? Alƙali. Kuma alƙali ba ya zama a bakin titi. Kafin ka isa gabansa ka yi wannan bayani, ka riga ka kwana bayan kanta, kuma takardar tuhuma da shaidun da za a kawo duk daga ɓangare ɗaya suke. A watan Mayun 2023 an ga mawaƙin nan Seun Kuti a bidiyo yana sharara wa wani ɗan sanda mari a kan gadar Third Mainland ta Legas. Ya ce jami'in ne ya nemi hallaka shi da iyalinsa. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, marin ne aka kai kotu, kuma shi ne ya yi kwanaki a tsare, duk da sunansa da manyan lauyoyinsa. Ina ga ɗan acaɓan Kahu?

Akwai abubuwan da ba farmaki ba ne ko kaɗan, ko da an murtuke maka fuska an ce raini ne. Ka tambayi dalilin da ya sa aka kama ka, hakkinka ne, dole ma a faɗa maka. Ka nemi wanda ya zo da farin kaya ya nuna katin shaida. Ka ce ba za ka yi bayani ba sai lauyanka ko wanda ka amince da shi ya zo, tsarin mulki ya ba ka wannan a sashe na 35. Ka ƙi ba da na goro. Ka nemi a sanar da gida. Ɗaukar hoto daga nesa ba tare da ka shiga tsakani ba, rundunar da kanta ta sha faɗa cewa ba laifi ba ne, ko da yake mai hankali yana duba yanayi kafin ya ɗaga waya. A duk waɗannan baki ne ke aiki da ido, hannu yana wurinsa.

Yanzu mu juya ga mai kaki, don nasa kason ya fi yawa.

Sunan da muka raɗa masa ma ya nuna yadda muka san shi: ɗan sanda, mai sanda a hannu. Kafin shi akwai dogarai, sannan 'yan dokan En'e, waɗanda tsofaffinmu ke ba da labarin yadda ganin jar hularsu kaɗai ke watsa dandali, har aka narkar da su cikin rundunar tarayya a zamanin Janar Gowon. Mun gaji tsoro, su kuma sun gaji tunanin cewa duka wani ɓangare ne na kamu. Har yau za ka ji uba ya kai ɗansa caji ofis da kansa yana cewa "a ɗan taɓa min shi ya yi hankali". Wanda ya roƙi a daki nasa yau, da wane baki zai yi magana gobe in an daki na maƙwabci har lahira?

A doka, kamu ba ya nufin duka. Idan mutum ya miƙa wuya da baki ko da aiki, ba a ma buƙatar a taɓa jikinsa. Ankwa kanta ba a sa ta haka kawai, sai in akwai fargabar zai yi faɗa ko ya gudu, ko don kare lafiyarsa, ko kotu ta ba da umarni. Idan ya yi turjiya, an yarda a sa masa ƙarfi, amma gwargwadon abin da zai sa ya kamu, kuma da zarar ya kamu ƙarfin ya ƙare. Kulkin da ya sauka a kan mutum yana kokawa, alƙali zai iya duba dalilinsa. Wanda ya sauka bayan an ɗaure hannuwansa a bayan mota ba shi da wani suna sai zalunci, kuma laifi ne irin wanda ake kai kowa kotu a kansa.

Bindiga ita ce maganar da ta fi daɗewa ana jayayya a kanta. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999, bayan ya tabbatar da hakkin rayuwa, ya buɗe ƙofa ga ƙarfin da ya zama dole wajen kare rai ko dukiya, kama mai laifi, hana tsararre tserewa, ko kwantar da tarzoma. Shekaru da dama 'yan sanda suna fakewa da wani umarnin cikin gida mai lamba 237, wanda a tsohon tsarinsa ya ba su damar harbin wanda ya gudu da masu tarzoma da sauƙin gaske. Masu kare hakkin ɗan'adam na gida da na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi ta suka, har a watan Oktoban 2019 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ƙaddamar da sabon tsari. Wannan ya dawo da maganar kan ƙa'idar da duniya ta amince da ita a taron Havana na 1990, wato ba a harbi sai in rai na cikin haɗari nan take, ko ana fargabar mummunan rauni, kuma babu wata dabara da ta rage. Yaron da ya ga shinge ya juya babur ya gudu don ba shi da takardu bai sa ran kowa a haɗari ba. A bi shi, a ɗauki lambarsa, a je gidansu gobe. Harsashi ba ya cikin hukuncin rashin takarda.

Abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar sel shi ne ya shafi Rano kai tsaye. Tun watan Disamban 2017 Najeriya ke da dokar hana azabtarwa. Ta ce jami'in da ya azabtar da wanda ke hannunsa zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25, idan kuma mutumin ya mutu a dalilin haka, shari'ar kisan kai ce. Ba ta karɓar uzurin "oga ne ya sa ni". Bayanin da aka tatsa da duka ba ya zama hujja a kotu. Ta kuma ba tsararre damar likitan da ya zaɓa ya duba shi. Ga tsarin mulki da ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi cikin kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai dai manyan laifuffukan da hukuncinsu kisa ne. Ga dokar da ta hana kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Ga tanadin cewa majistare ya riƙa leƙa wuraren tsare mutane duk wata. Beli kuwa, a jikin bango ma ana rubuta cewa kyauta ne.

Na san mai karatu ya fara murmushi, yana cewa wannan duk a takarda ne. Ba zan yi masa musu sosai ba. Ruwa ba ya tsami banza. Da mutanen Rano sun yi imani cewa takardar koke za ta kai su ga gaskiya, da wuya su ɗauki dutse da fetur. Ƙasar da sai da matasa suka cika tituna a Oktoban 2020 kafin a rusa sashen 'yan sanda na SARS, ƙasar da ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, cikinsu har da na Kano, rundunar kuma ta musanta, ba za a zargi talakanta da rashin yarda ba. Amma takardar nan takan ci mutum wani lokaci. Matasa shida da aka kashe a Apo ta Abuja a 2005, sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Shekara goma sha biyu, wannan jinkiri abin kunya ne, amma an yanke. Jami'in da ya harbe wata lauya a Legas ranar Kirsimetin 2022 kuwa, kafin shekara ta zagayo, a Oktoban 2023, an yanke masa hukuncin kisa. Abin da ya raba waɗannan da dubban da suka bi ruwa shi ne shaidu sun tsaya, an ajiye hujja, kuma ba wanda ya ba rundunar damar sauya magana.

Saura tambayar da matasa suka fi yi a majalisa: to in shi ya fara marina fa? A 2022 kakakin rundunar na ƙasa a lokacin, Olumuyiwa Adejobi, ya ce ko ɗan sanda mai kaki ya mari farar hula, farar hular ba shi da ikon ramawa, sai dai ya kai ƙara. Mutane suka yi masa ca. A ganina ya faɗi rabin gaskiya ne, ya bar rabin da ya fi ɗaci ga mutanensa. Marin nan laifi ne, kaki ba ya wanke shi, kuma wanda ya yi shi ya cancanci ya tsaya gaban alƙali kamar kowa. Amma ramuwa daban, kare kai daban. Kare kai shi ne ka tare abin da ke zuwa, ramuwa kuwa biyan abin da ya riga ya wuce ne, kuma doka ba ta san ta ba ko tsakanin farar hula biyu. Final Kod ya ƙara taƙaita kare kai idan ma'aikacin gwamnati ne ke aikinsa da kyakkyawar niyya, sai fa in abin ya kai mutum yana tsoron mutuwa ko mummunan rauni. A nan ne hakkin ke dawowa, don ba dokar da ta ce ka tsaya a kashe ka. Tsakanin mari da wannan matsayi akwai tazara mai yawa, kuma a cikinta ne yawancin samarinmu ke faɗawa rami.

Taron jama'a ya fi wannan haɗari, domin mutum yakan ji kamar ya ɓace a cikinsa. A Final Kod, mutum biyar da suka taru da manufar aikata laifi sun zama haramtaccen taro, kuma abin da ɗaya ya aikata don cimma wannan manufa ana iya ɗora shi a kan duk wanda ke ciki. Idan rai ya salwanta, sashe na 221 ne, wanda hukuncinsa kisa. "Ni kallo kawai na je" magana ce da za ka yi ta maimaitawa daga kurkuku, wata bayan wata, kafin a zo kanta, ga kuma wayoyin abokanka da suka ɗauki fuskarka suka watsa a Facebook da hannunsu. A shari'ar Musulunci ma da muke tinƙaho da ita, hakkin jini na magada ne, amma hukuma ce ke tabbatar da shi da shaidu ta kuma zartar. Ba malamin da ya ce 'yan unguwa su yanke hukunci da jita-jitar safiya.

Idan Allah ya ƙaddara wani ya mutu a hannun hukuma, akwai abin da ya fi wuta amfani, sai dai yana buƙatar sanyin zuciya a ranar da zuciya ke tafasa. Mu mutane ne masu gaggauta jana'iza, kuma da dalilinmu na addini. Amma sa'o'i kaɗan da za a jira likita ya duba gawa ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu, su ne bambancin shari'ar da za ta tsaya da wadda za ta rushe. A ɗauki hoton duk wani tabo ko kumburi kafin wanka. Masu wankan su riƙe abin da suka gani, don su ma shaidu ne. A rubuta lokacin da aka kama shi, wa ya gani, da ƙafarsa ya shiga mota ko ɗaukarsa aka yi, su wa suka kwana sel ɗaya da shi. Da an binne ba tare da wannan ba, sai maganar ta koma "sun ce, mun ce", kuma kowa ya san wanda ke cin irin wannan gardama. Daga nan sai takarda: ga Kwamishinan 'Yan Sanda a Bompai, ga sashen karɓar koke na rundunar da ake kira CRU, wanda aka kafa a 2015, ga Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda mai ikon ladabtarwa da kora, ga Hukumar Kare Hakkin Ɗan'adam ta Ƙasa mai ofis a Kano. Wanda ba shi da kuɗin lauya akwai hukumar ba da lauya kyauta ta Legal Aid. Babbar kotu kuma tana sauraron ƙarar tauye hakki, kuma tsarin mulki ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba a biya shi diyya a ba shi haƙuri a bainar jama'a. Kowace takarda a riƙe kwafinta da hatimin karɓa.

Ga jami'an da ke aiki a yankin nan, na san ba a kan katifa kuke ba. Ku kaɗan ne, ƙauyuka da yawa, ga 'yan ƙwaya, ga ɓarayin shanu da na babura, ga albashin da bai kai ƙarshen wata. Amma caji ofis na karkara ba katanga ke tsaronsa ba, mutanen garin ne. Wanda aka kawo muku a buge ko jikinsa ba daidai ba, asibiti ya kamata ya fara gani kafin sel, kuma a kira danginsa tun daren su gan shi da idonsu.

A nan ne nake roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan acaɓa da na makanikai, a Kahu da Kibiya da Rano. Duk daren da aka kama ɗanku, kada a bari sai gari ya waye. Dattawa biyu su tashi a daren su je caji ofis, su yi sallama, su nemi ganinsa. Su tambaye shi lafiyarsa a gaban wanda ke kan kanta, su duba jikinsa, su rubuta lokaci da sunan jami'in da suka tarar. In an hana su ganinsa, shi ma su rubuta, su buga wa hakimi waya tun kafin asuba.